Mashayin da "ba ya jin magana": kunnen ƙashi ne, ko ƙwaƙwalwa ce ta kasa riƙewa?

An zaunar da mai shan giya an yi masa nasiha, likita ya nuna masa sakamakon gwajin hantarsa, ya zubar da hawaye ya rantse ya daina. Ba a rufa sati uku ba sai ga shi ya koma 'yar gidan jiya. Iyali sukan ce raini ne, wasu ma'aikatan asibiti su ce bai shirya ba. To shin duk wanda ya koma rashin niyya ne, ko akwai abin da ya taɓu a cikin kansa wanda ido ba ya gani? Masana halayyar ɗan Adam da suke aiki a asibiti sun daɗe suna bin wannan tambaya ta hanya biyu: gwajin aikin ƙwaƙwalwa da takarda da fensir, da manyan bincike a kan dubban majinyata don gano maganin da ke aiki. Lamarin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce giya na da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne ke ɗauke da matsalar shanta.

Wane ne ake ce yana da cutar

A asibiti ba a auna cutar da yawan kwalabe kaɗai. Kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013, wato DSM-5, ya jera alamu 11. Daga ciki akwai shan fiye da abin da mutum ya yi niyya, yunƙurin dainawa a kasa, ƙawar giya mai tsanani, sakaci da aiki ko iyali, ƙara yawan sha kafin a ji maye, da rashin lafiya idan aka tsaya. Alama 2 ko 3 cikin wata 12 ƙaramar cuta ce, 4 ko 5 matsakaiciya, 6 zuwa sama mai tsanani.

Kafin a kai nan akwai tambayoyin tacewa guda 10 na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira AUDIT. Maki daga 0 ne zuwa 40, kuma daga 8 ake fara sa ido. Inda ake yawan yin kuskure shi ne lissafin "kofi ɗaya". Ma'aunin hukumar giram 10 ne na tsantsar barasa. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da wajen giram 24, kusan ma'auni biyu da rabi ke nan. Wanda ya ce "kwalba huɗu kawai" ya sha kusan ma'auni goma. Burukutu da ogogoro kuwa ƙarfinsu ya danganta da wanda ya dafa, don haka sai an tambayi girman ƙwarya ko kwalbar, da sa'o'in da aka yi ana sha.

Abin da take taɓawa

Giya na isa ga ƙwaƙwalwa ta ƙofa fiye da ɗaya. Ita kanta guba ce ga ƙwayoyin jijiya. Tana hana hanji tsotsar bitamin B1, ga shi mashayi ba ya cin abincin kirki. Hanta idan ta gaza, dattin da ya kamata ta tace yana hawa kai. Sai faɗuwa da haɗarin babur da duka a ka, waɗanda majinyaci kan manta ya faɗa idan ba a tambaye shi ba.

Sassan da suka fi jin jiki su ne gaban ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai daidaita tafiya, da hanyoyin da suka haɗa su, da sassan da ke ajiye sabon abu. Edith Sullivan da Adolf Pfefferbaum a Kalifoniya sun shafe shekaru suna nuna wannan da hoton MRI. Sashen goshi shi ne mai tsara abin da za a yi gobe, mai taka wa zuciya birki, mai sauya dabara idan wadda ake kai ta ƙi.

Alƙaluman da aka fi kafa hujja da su a wannan fage sun ce tsakanin rabi zuwa kashi 80 cikin 100 na masu shiga jinyar giya suna da wani rauni a aikin ƙwaƙwalwa, mafi yawa ƙarami ko matsakaici. Abin da ke rufe wa mutane ido shi ne baki ba ya taɓuwa. Kalmomi da tsohon ilimi da iya gaisuwa suna nan daram. Mutum zai yi maka hira mai daɗi, ya kawo aya da karin magana, ka tashi kana cewa lafiyarsa ƙalau. Ka ba shi umarni mai hawa uku, gobe ka tarar ɗaya ya riƙe.

A nan gizo ke saƙar. Kusan duk jinyar giya ta baki karatu ce: ka gane abin da ke tayar maka da ƙawa, ka tsara hanyar kauce masa, ka tuna dabarar a daidai lokacin da abokin sha ya miƙo kofi. Waɗannan ayyuka uku su ne giya ta fi raunanawa, kuma a makonnin farko, lokacin da raunin ya fi tsanani, ake ɗora wa majinyaci mafi yawan darussa.

Yadda gwajin yake a kan tebur

Hoton ƙwaƙwalwa siffa yake nunawa. Gwajin aikin ƙwaƙwalwa kuwa abin da mutum yake iya yi yake aunawa, sannan a gwada makinsa da na tsaransa masu irin karatunsa.

Ɗauki gwajin bin sawu. A kashin farko an warwatsa lambobi 1 zuwa 25 a cikin da'irori a kan takarda, majinyaci ya haɗa su da layi bi da bi, mai gwaji na riƙe da agogo. A kashi na biyu an gauraya lambobi da haruffa: daga 1 zuwa A, zuwa 2, zuwa B, har 13. Mai raunin sashen goshi yakan wuce kashin farko lafiya. A na biyu sai ka ga fensirin ya tsaya cak a kan 4, leɓe na motsi, sannan ya zarce 5 ya tsallake D. A nuna masa, ya gyara, bayan da'ira uku ya sake. Yawanci ana tsayar da gwajin idan ya kai daƙiƙa 300.

Gwajin katunan Wisconsin, wanda ya samo asali a 1948, ya fi wannan tona asiri. Katuna 128 ne masu launi da siffa da adadi daban-daban. Ba a gaya wa mutum ƙa'idar jerawa, "daidai" ko "kuskure" kawai zai ji. Da ya yi daidai sau 10 a jere sai a sauya ƙa'idar ba sanarwa. Lafiyayye zai yi tuntuɓe sau biyu ko uku ya gane an juya. Mai rauni zai ci gaba da jerawa da launi, ana ce masa kuskure yana maimaitawa, wani ma da bakinsa zai ce "na san ba launi ba ne" alhali hannunsa na ajiye katin a kan launi. Duk wanda ya ga wannan sau ɗaya zai rage saurin cewa mashayi da gangan yake yi.

Na tunawa kuwa, ana karanta kalmomi 15 sau biyar, kowane zagaye mutum ya faɗi abin da ya riƙe, sannan a sake tambaya bayan minti 20 zuwa 30. Abin dubawa ba jimillar kaɗai ba ce. Idan ya kasa kawo kalmomin da kansa amma ya gane su da aka karanto masa cikin wasu, an ajiye su, ɗaukowa ce ta yi wuya, kuma tunatarwa za ta yi masa amfani. Idan ko ganewa bai yi ba, ba su shiga ba tun farko, wannan kuwa ya fi tayar da hankali.

Cikakken gwaji na cin sa'o'i, shi ya sa ake fara tacewa da gajere. Gajeren gwajin da ake kira MMSE, na 1975, shi ya fi yaɗuwa a asibitoci, amma bai cika kama raunin sashen goshi ba, mashayi mai matsala sosai na iya cin 28 cikin 30. MoCA, wanda Ziad Nasreddine ya wallafa a Kanada a 2005, minti 10 ne, maki 30, ƙasa da 26 alamar a zurfafa bincike ce, kuma ya fi dacewa da wannan aiki. Sakamakon tacewa dai ba hukunci ba ne.

Kuskuren lokaci, da kuskuren ma'auni

Gwada mutum a kwana na uku da daina sha ɓata takarda ne. Jiki na karkarwa, barci ya ƙaurace, ga diazepam da aka ba shi don saukar da shi lafiya, wanda shi kansa yana dushe tunani. A bari sai an gama maganin saukarwa kafin tacewa, cikakken gwaji kuma a jira makonni ba sha. Likitoci ba sa rubuta wa mutum lalacewar ƙwaƙwalwa ta dindindin sai ya yi aƙalla wata biyu bai sha ba, wasu ma sai uku.

Dalilin jiran shi ne ƙwaƙwalwa na farfaɗowa. Wani nazari na 2013 da masu bincike a Montreal suka yi, wanda ya tattara bincike 62, ya nuna raunin na nan a fili cikin shekarar farko ta dainawa, bayan shekara kuma yakan ragu sosai ya kusanci na sauran mutane. Tsufa, shan taba, ciwon hanta da yawan dainawa ana komawa duk suna ja da saurin warkewar baya.

Matsala ta biyu ta fi shafar majinyacin da ke jin Hausa. An gina gwaje-gwajen nan a kan mutanen da suka yi shekaru a makarantar boko. Wanda ya yi karatun allo jerinsa alif, ba, ta ne, wanda ya koyi abacada ta Hausa kuma bayan B yana da Ɓ, bayan D yana da Ɗ. Jinkirinsa a gwajin bin sawu ba lallai giya ba ce. MoCA na asali na nuna hoton zaki da raƙumi da karkanda, yana neman a zana agogo, a kuma kawo kalmomin da suka fara da harafin F. Maki ɗaya da ake ƙara wa mai ƙarancin karatu ba ya cike wannan giɓi. Akwai mafita da aka gwada: masu binciken mantuwar tsufa a Ibadan, tare da abokan aikinsu na Indiyanafolis, sun fitar da gwaji a 2005 wanda mutum ke kwaikwayon siffa da tsinken ashana huɗu maimakon zane, saboda dattijon da bai saba riƙe fensir ba. Akwai kuma nau'in bin sawu mai launuka a madadin haruffa, da lissafa sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Inda ba a da ma'aunin tsara da za a gwada shi da su, hanya mafi aminci ita ce a gwada mutum da kansa: makinsa na yau da na bayan wata uku, haɗe da shaidar matarsa ko ɗan'uwansa a kan yadda yake riƙe lissafin kasuwa a da da yanzu.

Wanda ba ya jiran gwaji

A 1881 Carl Wernicke a Jamus ya bayyana wata cuta mai alamu uku: ruɗewa, tangaɗi, da matsalar motsin ido. A 1887 Sergei Korsakoff a Rasha ya bayyana mantuwa mai tsanani a mashaya. Daga baya aka gane igiya ɗaya ce, ƙarancin bitamin B1, ta farko ce ke haifar da ta biyu idan aka yi sakaci. Abin da jiki ke ajiyewa na wannan bitamin bai wuce na sati biyu zuwa uku ba.

Clive Harper a Ostiraliya ya duba gawarwaki 131 da aka tabbatar da cutar Wernicke a ƙwaƙwalwarsu, ya wallafa a 1986. Kashi 80 cikin 100 ba a gane cutar ba suna raye, kuma kashi 16 ne kawai suka nuna alamun uku a tare.  Saboda haka wata ƙa'idar gano cutar da aka fitar a 1997 ta ce alamu biyu cikin huɗu sun isa: rashin cin abinci, matsalar ido, tangaɗi, ruɗewa ko mantuwa. Magani allurar bitamin B1 ce ta jijiya, domin hanjin mashayi ba ya tsotsar ƙwaya yadda ya kamata. Jagororin Birtaniya sun kai miligiram 500 sau uku a rana na wasu kwanaki. Ga kuma abin da ya kamata kowane ma'aikacin jinya da mai kemis ya sani: ƙarin ruwa mai sukari ga mashayin da ya rame, ba tare da bitamin B1 ba, na iya ƙone ɗan abin da ya rage masa ya jefa shi cikin cutar.

Haka nan kulle mai sha kullum a ɗaki don ya daina da ƙarfin tsiya ganganci ne. Karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya cikin kwana biyun farko, gigita da gane-gane tsakanin awa 48 zuwa 96, kuma wannan na kisa. Saukarwa aikin asibiti ne.

Wace jinya ce ke aiki

Binciken Project MATCH na Amurka, wanda sakamakonsa ya fito a 1997, ya raba majinyata 1,726 ta hanyar ƙuri'a zuwa jinya iri uku: koyar da dabarun sauya tunani da ɗabi'a a zama 12, shigar da mutum tsarin matakai goma sha biyu na AA, ƙungiyar mashayan da ke taimakon juna su daina, a zama 12, da zaburar da niyya a zama 4 kacal. Fatan masu binciken shi ne a gano wane irin mutum ya dace da wace jinya. Fatan bai cika ba, ukun sun fito kusan kunnen doki, har da mai zama huɗu. 'Yan abubuwan da suka tsaya su ne masu saurin fushi sun fi amfana da zaburar da niyya, waɗanda abokan sha suka kewaye su kuma sun fi amfana da tsarin AA. Masu suka sun ce ba a ware rukunin da ba a yi wa jinya ba, don haka ba za a ce duk sauƙin daga jinyar ya zo ba. Wani babban nazari na 2020 da ya haɗa bincike 27 ya ba tsarin AA ɗan rinjaye a kan sauran hanyoyin jinya wajen dainawa gaba ɗaya, kashi 42 a kan 35 bayan shekara.

Tsawa da kunyatarwa kuwa bincike bai goya musu baya ba. William Miller da abokan aikinsa sun nuna a 1993 cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ke yi wa majinyaci fito-na-fito, gwargwadon yawan shansa bayan shekara.

Magunguna uku ne sanannu, kuma zaɓinsu na da alaƙa da sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa. Naltrexone ƙwaya ɗaya ce a rana, miligiram 50, tana rage daɗin da ake ji. Tana toshe hanyar da tramadol da kodin suke bi, don haka wanda ke haɗa giya da su sai ya yi kwana 7 zuwa 10 bai taɓa su ba, in ba haka ba za ta jefa shi cikin ciwon yankewa nan take. Wannan tambaya ce da ba a tsallakewa a garuruwanmu. Acamprosate ƙwaya biyu ce sau uku a rana, shida ke nan, nauyi ne ga mai mantuwa, kuma sai ƙoda na da lafiya. Disulfiram na sa mutum amai da bugun zuciya idan ya sha giya a kansa. Yana amfani idan wani ne ke ba da shi yana kallo, amma haɗari ne ga wanda zai manta ya sha ƙwayar. Kada a ɗauke su tsafi: wani nazari na 2014 ya nuna sai an ba mutum 12 acamprosate kafin a tsare ɗaya daga komawa sha, haka naltrexone wajen hana komawa sha mai yawa.

Inda masana suka rabu

Hankali zai ce mai raunin ƙwaƙwalwa shi zai fi komawa ruwa. Bincike bai fito da wannan a miƙe ba, wasu nazarce-nazarcen sun ga alaƙa, wasu ba su gani ba. Daga nan wani ɓangare ke cewa gwajin tsada ne da ɓata lokaci, a yi wa kowa jinya mai sauƙin fahimta a huta. Marsha Bates ta Jami'ar Rutgers da abokan aikinta sun kawo bayanin da ya fi gamsarwa: raunin ta bayan gida yake bi. Yana rage halartar zama, yana rage dabarun da mutum ke kwashewa, sannan yana ƙara wa mutanen da ke kewaye da shi tasiri a kansa, na alheri ko na sharri. Hujjar masu cewa a sauƙaƙa wa kowa tana da ƙarfi inda ma'aikata suka yi ƙaranci, amma minti goma na tacewa shi ke raba mai ɗan rauni da mai cutar Korsakoff, kuma waɗannan biyu ba jinya ɗaya suke buƙata ba. Atisayen ƙwaƙwalwa a kwamfuta kuma yana ɗaga makin gwaji, amma shaidar cewa yana rage sha ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Abin da ke sauyawa a ɗakin jinya da cikin gida

Idan gwaji ya nuna rauni, zama ya gajarta zuwa minti 20 ko 30, batu ɗaya a kowane zama. Kada a tambaye shi "ka gane?", domin zai ce e. A ce ya maimaita da bakinsa. Dabarar ƙin karɓar kofi a yi ta a aikace, wani ya zama abokin da ke miƙowa, a maimaita har ta zauna. Darussa masu nauyi a jinkirta su zuwa bayan wata na farko. Magani a ɗaura shi da abin da ba ya sauyawa a yini, kamar lokutan salla ko cin abinci, mutum ɗaya cikin iyali ya riƙe shi ya kuma riƙa rako zuwa asibiti. Kuɗi masu yawa, tuƙi da sa hannu a cinikin gona ko gida a dakata da su har a sake gwaji. A arewacin Najeriya asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri, da sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, su ne wuraren fara tambaya. Kunya kan sa iyali su ɓoye wa likita zancen giya su ce zazzaɓi ne, wannan ɓoyon kuwa shi ke jinkirta allurar bitamin B1.

Mai cutar Korsakoff lamarinsa daban ne. Zai gaishe ka da fara'a, ka fita minti goma ka dawo ya sake gaishe ka kamar yau ya fara ganinka. Wani lokaci yakan cike giɓin da labarin da bai faru ba, ya ce yanzu ya dawo daga kasuwa alhali yana kwance tun jiya, kuma ba ƙarya yake shirgawa ba, shi a wurinsa gaskiya ce. Musu da shi ba ya gyara komai. Ana koya masa abu ta hanyar hana shi kuskure tun farko: a faɗa masa amsar ya maimaita, kada a bar shi ya yi ta canka, domin kuskuren da ya canka shi zai zauna. Tsofaffin alƙaluman likitocin Boston sun nuna wajen kashi ɗaya cikin huɗu na warkewa sosai, rabi na samun sauƙi, kashi ɗaya cikin huɗu ba sa motsawa. Sauƙin kan ɗauki watanni har zuwa shekara biyu ba sha, da abinci mai kyau da bitamin B1, shi ya sa ake sake gwajin a wata na uku, na shida da na goma sha biyu kafin a yanke shawarar ko zai iya komawa sana'arsa.